Shirun da Na Yi wa Malam Haladu a Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayin bakin tashar Kibiya sai a kewaye ni. Wannan ya ce ina motar da na shigo da ita, wancan ya ce ko buhun shinkafa ɗaya ban ɓoyo ba, kamar duk wanda ya je Kwatano fasa-ƙwauri ne ya kai shi. Masu ɗan dama-dama a cikinsu su ne ke tambayar yadda teku take, da ko gaskiya ne ba a hango ƙarshenta. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kullum labarin kifi da babura nake bayarwa, in tsallake abin da ya fi tsaya mini a rai. Shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da nake tsallakewa. Na nemi izinin wanda abin ya shafa, ya ce in rubuta, amma kada in ƙara gishiri.

Karatu ne ya kai mu. Ni malamin Faransanci ne a wata ƙaramar sakandare a Rano, kullum a babur nake zuwa daga Kibiya in dawo. A dogon hutu aka zaɓi wasu malaman Faransanci za a tura su wata makarantar koyon harshe a Kwatano, su yi 'yan makonni a goge musu baki. Daga yankinmu mu biyu aka ɗauka, ni da Malam Haladu, mutumin Rurum Tsohon Gari, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Musiye, wato Malam da Faransanci. Shi ya fara koya mini harshen tun ina aji ɗaya. Shi ya bi mahaifina har gona ya lallashe shi ya bar ni in tafi kwalejin ilimi. Ya haura shekara ashirin yana riƙe da wannan aji shi kaɗai a makarantarsu, amma bai taɓa taka ƙasar da ake cinikin tumatir da Faransanci ba. Ni ma ban taɓa ba, sai dai na zauna da 'yan Nijar a kwaleji, ga rediyo ga waya, kunnena ya buɗe. Malam kuwa littafi ya sani, kuma ya san shi ciki da waje. Tun da na gama karatu ba mu taɓa zama mun yi hira da harshen ba, don in na je gaishe shi da Hausa nake durƙusawa, da Hausa nake tashi.

Mun tashi da damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Uwargidan Malam ta haɗa masa guzuri kamar mai tafiya Hajji ta ƙasa: kuka, daddawa, yaji, garin kunu, da dambun nama a cikin gwangwanin madara. Na karɓi jakar, ya ce in bari, na ƙi bari, muka yi ta jayayya har Kano. A can muka shiga doguwar motar Legas. Wani mai tallan magani ya miƙe tun kafin mu bar gari, ya ce maganinsa yana warkar da komai ban da mutuwa, kuma bai zauna ba sai da muka wuce Zariya. Malam ko kallonsa bai yi ba. Ya fito da tsohon littafinsa na nahawu, wanda aka ɗinke bangonsa da zaren buhu, yana ta bita yana motsa leɓe. Na ji daɗin ganinsa haka, don murna yake yi kamar yaron da za a kai kasuwa ranar jajiberin salla.

Legas ba zan ce na gan ta ba, wucewa muka yi ta cikin hayaniyarta hannuna ɗaya a kan jaka ɗaya a kan aljihu. Daga nan muka shiga ƙaramar mota ta bi da mu ta Badagiri zuwa bakin iyaka. Shingayen da ke kan wannan hanya sun isa a yi wa gona guda darni. A kowane shinge sai an leƙo an kalli hular Malam, an tambayi abin da ke cikin gwangwani.

A bakin iyaka, bayan an duba fasfo da katin rigakafi, wani jami'i na ɓangarensu ya kwance ƙullin daddawar nan. Warin ya buge shi, ya ja da baya, ya jefo tambaya da Faransanci cikin sauri. Na ji shi sarai, tambaya yake mene ne wannan, kuma ci ake yi ko magani ne. Amma inda babba yake tsaye ba yaro ke amsawa ba, sai na juya na kalli Malam. Malam ya gyara tsayuwa, ya ɗan jima yana harhaɗa kalmomi, sannan ya fito da wata jimla mai kyau, irin wadda za a rubuta a allo a ja mata layi. Kafin ya kai ƙarshenta wata jami'a ta matso, ta sunsuna ƙullin, ta fashe da dariya. Ta ce su ma suna da irinta, daga ɗorawa ake yi, kuma tasu ta fi wannan wari nesa ba kusa ba, mu ɗaure kayanmu mu wuce. Da muka shiga mota Malam ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali me matar nan ta ce. Na ga yadda gumi ya tsattsafo masa a goshi. Sai na ce ni ma ban kama sosai ba, saurinta ya yi yawa. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba, ladabi na ɗauka na yi.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓarsu duk riguna ruwan ɗorawa suke sawa, kowa da lamba a baya da hular kwano a ka, in sun taru a danja sai ka ce gonar da ta yi fure. Mata ma tuƙawa suke, za ka ga tsohuwa da kwandon kaji a baya tana ratsa motoci ko a jikinta. Fetur a manyan kwalabe ake jera shi a bakin titi. Da rana ta take sai shaguna da ofisoshi da yawa su rufe, kowa ya tafi gida ya ci abinci ya miƙe, sai wajen la'asar a dawo. Malam ya ce wannan al'ada kam da a jaka take shiga da ya saya ya kai Rano.

Makarantar ba ta da ɗakunan kwana, gidajen mutane take raba ɗalibai don su riƙa jin harshen safe da yamma. Mu aka kai mu gidan wata bazawara mai sayar da atamfa, ana ce mata Mama Rozin. Da muka shiga ta kawo ruwa a kofi, ta fara kurɓa a gabanmu sannan ta miƙo wa Malam. Ya kalle ni na kalle shi, don a wajenmu wannan raini ne. Daga baya muka gane girmamawa ce, nuna maka take babu cuta a abin da ta ba ka. Kirista ce, amma tun kafin mu iso ta aika an tambayo mata alƙibla a unguwar Zango, inda Hausawa suke, ta share kusurwar ɗakin ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Ta sayo sabuwar tukunya ta ce tamu ce mu kaɗai, babu abin da zai taɓa ta da ba ma ci. Ban taɓa tsammanin samun irin wannan kula a gidan da ba a san ko sunan kakana ba.

Abincinsu akasa ne, wato irin kafar nan tamu, da soyayyen kifi da wani barkono wanda in ka lasa sai ka tuna duk zunubanka. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, kuma taurinsa ya kusa haka. Malam ya gwada shi sau ɗaya ya ce haƙoransa amana ne, daga nan sai ya jiƙa shi a kunu. Wata rana muka haɗu da Fulani mata masu tallan cuku, ya gaishe su da Fulatancin da ya koya a wajen maƙwabtansa na Rurum, suka ajiye ƙwarya aka yi ta hira har na gaji da tsayuwa. Na faɗi wannan ne don a san Malam ba mutum ne mai nauyin baki ba.

A makaranta jarrabawar rubutu aka fara yi mana, muka faɗa aji ɗaya ni da shi. Malamarmu Madam Sena, 'yar gajeruwa mai kaifin ido. Ajinta babu gaba babu baya, da'ira ake yi da kujeru, kuma ba a ɗaga hannu, wanda magana ta zo masa ya yi. Akwai wani Emeka, mai sayar da kayan gyaran mota, wanda Faransancinsa duk a karye yake amma bakinsa ba ya rufuwa. In ya yi kuskure shi ke fara dariya, a gyara masa ya maimaita ya wuce. Da farko haushinsa nake ji, daga baya na koma sha'awarsa, don a gabanmu harshen ya zauna masa.

Ranar farko Madam ta tambayi Malam daga ina yake. Ya miƙe tsaye, abin da babu wanda ya yi, ya ba da amsa tsaf. Sai ta jefo masa wata tambayar da sauri, kan me ake nomawa a garinsu. Malam ya tsaya. Ta maimaita, bai kama ba. Wata yarinya da ba ta kai 'yarsa ta uku ba ta ƙyalƙyale da dariya. Ba da mugunta ta yi ba, haka ajin yake, amma ni ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Madam ta juyo kaina da tambayar nan dai. Amsar tana kan harshena, gero da dawa da gyaɗa da albasar rani, har da yadda zan ƙawata ta. Amma yaya zan buɗe baki in zuba abin da malamina ya kasa, yana zaune kusa da ni, kunyar ba ta ko sake shi ba? Na sunkuyar da kai na yi shiru.

Daga ranar haka muka zauna. In an zo rubutu Malam ne kan gaba, har Madam takan karanta wa aji abin da ya rubuta. In an zo magana ya yi shiru don kada ya sake yin tuntuɓe, ni kuma in yi shiru don kada in wuce shi. Madam ba ta san sunkuyar da kai ladabi ba ne, a wajenta wanda ya ƙi kallon idonta bai san amsa ba. Ni kuwa da Malam ya tafi masallacin Zango da la'asar ya tsaya hira da 'yan goro, sai in shige madafa wajen Mama Rozin in saki baki. Ta taɓa tambayata me ke ɗaure mini harshe da zarar Papa ya shigo, don haka take kiransa. Da na yi mata bayani ta riƙe haɓa, ta ce su a nan in ɗanka ya fi ka, kasuwa kake kai shi kowa ya gani. Na ce kowane gari da irin tarbiyyarsa, na roƙe ta kada ta faɗa.

Ana nan Madam ta sanar cewa za a fita da mu yawon wuni guda a bakin ruwa. Ta ce ba yawon buɗe ido ba ne kawai, a nan take sauraron kowa yana magana da mutanen gari, kuma wanda ba ta ji bakinsa ba, ba za ta sa hannu a takardar da ta ce yana jin harshen ba. Tana faɗa tana kallon inda muke zaune.

Ana gobe za a fita, bayan la'asar, muna zaune a tsakar gida Malam ya kira sunana. Ya ce in an dawo daga yawon nan shi gida zai koma, ba zai jira ƙarshen karatun ba. In an koma hutu kuma zai je wajen shugaban makarantarsu ya ce a ba shi wani darasin ko a sallame shi ya koma gona.

“Na ga abin da na gani, Sabi'u,” in ji shi. “Ashe shekara da shekaru aikin banza nake yi.”

Na ba shi haƙuri iyakar iyawata, na ce sauri ne kawai irin na mutanen nan, kowa ma yana fama. Ya girgiza kai kawai. Hankalina ya tashi ƙwarai, don na san in Malam ya ajiye alli ajin Faransanci ya mutu a makarantarsu, babu wani mai ɗauka. Kuma na san mutumin da ya bar aikinsa da irin wannan baƙin ciki ba ya daɗewa yana dariya. Na ɗauka nauyin bakinsa ne ya karya masa zuciya, saboda haka na ƙudurta gobe ko takardar za ta salwanta ba zan ce uffan a gabansa ba.

Da safe muka fara da babbar kasuwar da ke bakin kogin da ya raba garin biyu, wanda ya taso daga wani tafki ya faɗa teku. Kasuwar Kibiya gaba ɗayanta ba ta kai layin masu barkono ba. Mata ne ke riƙe da ita, su ne masu kirari su ne masu faɗa, kuma kaya ta ruwa suke iso musu: kwalekwale cike da tumatir, da itace, da kaguwa a ɗaure kamar damin alayyahu. Madam ta ce kowa ya tare wanda bai sani ba ya yi masa tambaya. Emeka ya tare wata mai kifi, kafin a jima ta ba shi kujera tana nuna masa hoton jikokinta. Ni da Malam muna tafe a baya kamar masu dawowa daga jana'iza, ni da jakarsa a kafaɗa.

Daga nan muka gangara inda ake hawa kwalekwale, za a zaga da mu a ga yadda masunta ke aiki. Kwalekwale biyu aka kawo. Na nufi wanda Malam ya shiga, sai Madam ta tare ni da hannu ta ce Papa da ita za su tafi, ni in shiga ɗayan. Na nuna mata jakar, ta karɓa ta rataya da kanta. Malam ya zauna daram ko gezau, don shi a gefen dam ɗin Tiga ya tashi. Ni kuwa ɗan Kibiya, babban ruwan da na sani shi ne rafin da muke tsallakewa da wando a naɗe. Da abin ya yi tangaɗi na riƙe katako da hannu biyu ina karanto duk addu'ar da na haddace.

Mai tuƙa namu wani dattijo ne da dogon gora a hannu. Ya ga yadda na ƙame, ya ce in saki katakon, bai taɓa jin ya gudu ya bar kowa ba. Na waiwaya na hango kwalekwalen su Malam can nesa, tazarar da in a gona ne sai ka ɗaga murya ka yi ta ɗaga hannu kafin a san da kai ake. Sai na ce a raina yanzu kam babu mai jina. Tsoro da daɗewar shiru suka haɗu, bakina ya ɓalle. Na tambaye shi da Faransanci game da rassan itacen da na ga an kakkafa a tsakiyar ruwa kamar shinge. Ya ce gonarsu ke nan: su kafa rassa, kifi ya zo ya ɓuya ya yi ƙiba, bayan watanni su kewaye da raga su girbe, kuma kowa ya san iyakar tasa. Abin ya burge ni matuƙa, mutum ya yi gona a kan ruwa har da iyaka. Na ba shi labarin noman raninmu, da yadda muke haƙa rijiya muna bin ruwa shi kuma ruwa na binsa har ƙofar ɗaki. Na ce in ya zo Kibiya zan ɗora shi a kan jaki in ga ko shi ma ba zai riƙe wuya da hannu biyu ba. Duk kwalekwalen aka kwashe da dariya. Emeka ya buɗe baki yana kallona kamar akuya ce ta yi sallama.

Da muka sauka na tarar da Malam tsaye a gaɓa ya juya baya. Madam ta miƙo mini jakar tana wani murmushi. Mota ta ɗauke mu zuwa bakin teku, aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa aka kawo kifi da soyayyar ayaba. Masu tambayata teku, ga amsarku: gaskiya ne ba a hango ƙarshenta, kuma ba ta yin shiru ko na ƙiftawar ido. Amma ban kalle ta sosai a lokacin ba, Malam nake kallo, don ko loma ɗaya bai kai baki ba.

Da azahar ta yi muka matsa gefe muka yi salla a kan yashi. Bayan mun shafa addu'a bai tashi ba.

“Sabi'u, muryar wa na ji a kan ruwa?”

Na sunkuyar da kai.

“Muna yara a Tiga, masunci yana tsakiyar dam ya yi tari, mu ji shi a gaɓa. Kai ba ka san haka ruwa yake kai magana ba. Har jakin na ji.” Ya juyo ya kalle ni. “Tun yaushe?”

Na ce tun bakin iyaka. Na ce Allah ya gafarta Malam, ban ga yadda zan yi in zuba magana a inda ya tsaya ba, shi da ya koya mini baƙin farko.

Ya mayar da kallonsa kan ruwa. Da ya buɗe baki na ji fushi a muryarsa.

“Kana tsammani don bakina na ce zan ajiye alli? Bakina na san shi, ya tsufa a kan littafi, wannan ba sabon labari ba ne a wajena. Kai nake kallo. Duk yaran da suka bi ta hannuna babu kamarka. Kullum sai in ga an tambaye ka abin da ɗan aji biyu zai amsa, ka sunkuyar da kai. Na ce in wannan ne mafi kyawun abin da na fitar, to 'ya'yan mutane na ɓata wa lokaci. Abin da ya hana ni barci ke nan.”

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Kunya ta kama ni, da tausayinsa, da haushin kaina, duk a lokaci guda. Makonni ina ganin rufa masa asiri nake yi, ashe abin da ya zo nema tun daga Rurum shi na ɓoye a aljihu. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce in tashi mutane na kallo, kuma ladabin da ya kusa kai shi gona ya isa haka.

Can gaba kaɗan masunta na jan taru. Tun da safe suke kai ragar cikin teku da jirgi, sannan a tsaya a gaɓa a yi ta jan igiyar, maza da mata a layi, ana waƙa ana ja da baya taku-taku. Duk wanda ya zo wucewa ya sa hannu, in an fito da kifi yana da rabonsa, ko ba a san daga ina ya fito ba. Malam ya tsaya yana kallo, ya ce ai wannan gayya ce. Sai ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya ɗaure babbar rigarsa a ƙugu, ya je ya kama igiya. Na bi shi na kama a bayansa. Wani raƙumin ruwa ya taso ya jiƙa mu har ƙirji, ya tafi da takalmin Malam ƙafa ɗaya, Malam bai ko waiwaya ba.

Mai tarun, wani ƙaton mutum mai furfura, ya matso yana dariya ya jefo wa Malam magana da saurin nan nasu. Sai na ji Malam ya ce masa da Faransanci, da ƙarfi, bai ji ba, ya sake faɗa a hankali. Mutumin ya sake, Malam ya kama rabi. Ya waiwayo a gaban kowa, a gaban Madam da yarinyar nan mai dariya, ya ce da ni da Hausa, “Me ya ce a ƙarshe?” Na ce tambaya yake ko ni ɗansa ne. Malam ya saki igiya da hannu ɗaya ya dafa kafaɗata. Ya amsa a hankali, kalma bayan kalma, har da kuskure guda wanda da ni na yi shi a aji ɗaya da na sha ja a kunne. Ya ce a'a, ɗalibinsa ne, duk abin da aka ji a bakina shi ya fara sa shi, kuma yanzu na fi shi.

Rabonmu na kifi muka kai wa Mama Rozin, ta dafa shi da daddawar Rurum a sabuwar tukunyar nan, ta ce ta yarda tamu ta fi daɗi amma tasu ta fi wari. Malam bai sake zancen komawa ba. Sauran kwanakin ya zama abokin hamayyar Emeka wajen surutu da kuskure, in ya maƙale ya zungure ni da gwiwar hannu. A ƙarshe Madam ta sa hannu a takardunmu duka, tawa a mataki na sama, tasa a na ƙasa da ita. Shi ya karɓi tawa ya sa a jakarsa tare da littafin nahawu, ya ce ni ban iya ajiya ba. Takalmi kuwa na roba ya saya a Zango, da shi ya shigo Rurum.

Da aka koma makaranta ya aiko a ce in zo ranar da ba ni da darasi. Na tarar da shi a ajin nan dai, tagar da ta karye tun zamaninmu har yanzu ba a gyara ba. Ya nuna wa yaran wani benci a layi na biyu ya ce a nan na zauna. Ya ce in ba su labarin gonar kan ruwa da Faransanci, yadda mutanen Kwatano ke magana, su ji da kunnensu inda abin da yake koya musu yake kaiwa. Shi kuma ya koma bayan aji ya zauna a cikinsu.

Na fara. Ban yi nisa ba idona ya faɗa kansa, sai na ji muryata ta yi ƙasa da kanta, na soma jan kalmomi, kaina ya fara sunkuyawa. Malam ya ƙwanƙwasa benci da ɗan yatsa, kamar yadda yake yi mana in mun yi gyangyaɗi.

“Ɗaga kanka, Sabi'u,” in ji shi. “Ƙara sauri. In ban ji ba zan tambaye ka.”